Karen Oregon da botar gyaɗar Blakely

A farkon shekarar 2009, jami'an lafiya na jihar Oregon da ke Amurka sun tabbatar da cutar Salmonela, mai kawo gudawa da zazzaɓi, a jikin wani kare na gida. Da aka ɗauki ragowar biskit ɗin karnuka mai ɗanɗanon gyaɗa da ke gidan aka kai ɗakin gwaji, sai aka tarar da ƙwayar cuta mai kama da wadda take ta kwantar da mutane a faɗin ƙasar a wannan lokaci. Ba shara karen ya tona ba, ba mushe ya ci ba. Abin da aka ba shi kaya ne da aka yi musamman domin karnuka, a cikin kwali, da sunan kamfani a jiki, aka saya da kuɗi a kanti.

Masu kiwon kare sun sha tambayar ko ba shi botar gyaɗa, wato markaɗaɗɗiyar gasasshiyar gyaɗa da ake shafawa a burodi, na da haɗari. Amsar da likitocin dabbobi suke bayarwa ita ce gyaɗa ba guba ba ce ga kare, kuma kaɗan ba ta komai. A Amurka ma abu ne na yau da kullum: a cikinta ake ɓoye ƙwayar magani don kare ya haɗiye ba tare da gardama ba, ana kuma cusa ta cikin abin wasa na roba ya yini yana lasa. Wannan amsa gaskiya ce, amma ta tsaya a kan gyaɗar kawai. Tsakanin gona da bakin kare akwai hannaye da yawa, kuma abin da ya faru a 2009 ya nuna cewa a nan ne matsalar take.

A watan Nuwamba na 2008 ne hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta lura cewa ana samun marasa lafiya a jihohi daban-daban ɗauke da Salmonela iri ɗaya sak. An yi makonni ana lalube. Ma'aikatan lafiya na jihar Minesota ne suka fara kama bakin zaren, domin sun ga cewa wasu daga cikin waɗanda suka kamu suna zaune a gidajen kula da tsofaffi ne, wasu kuma 'yan makaranta ne, kuma wuraren nan suna sayen botar gyaɗa mai suna King Nut a manyan robobi. A ranar 9 ga Janairu 2009 suka bayyana cewa sun sami ƙwayar cutar a cikin wata roba da aka riga aka buɗe. Buɗaɗɗiyar roba ba hujja ba ce cikakkiya, don mai yiwuwa ne a ɗakin girki cutar ta shiga. Ba a jima ba aka same ta a cikin wadda ba a taɓa buɗewa ba a jihar Konektikat. Daga nan ido ya koma kan inda aka niƙa ta, wato wata masana'anta a garin Blakely na jihar Jojiya, mallakar kamfanin Peanut Corporation of America.

Kusan babu wanda ya san sunan wannan kamfani a cikin masu saye, domin ba ya jera kwalabe a kanti da sunansa. Dillancin gyaɗa yake yi wa wasu kamfanoni. Yana gasa ta, ya niƙa, ya sayar musu daga bokiti mai nauyin kilo 16 har zuwa tanka guda. Abin da yake sarrafawa bai wuce kimanin kashi 2.5 cikin ɗari na gyaɗar ƙasar ba, amma wannan ɗan kason ya shiga cikin biskit, da alewa, da askirim, da kek, da abincin makarantu. Kamfanin ya fara janye kayansa a ranar 13 ga Janairu. A ranar 28 ga watan ya faɗaɗa janyewar ta haɗa da duk abin da ya fito daga Blakely tun daga farkon 2007. Kafin ƙura ta lafa, kayayyaki fiye da 3,900 na kamfanoni sama da 300 aka kwashe daga kasuwa. Mutum 714 aka tabbatar sun kamu a jihohi 46, tara suka rasu, kuma kusan rabin waɗanda suka kwanta yara ne 'yan ƙasa da shekara 16.

A cikin wannan dogon jerin kaya akwai abincin karnuka. Kamfanin PetSmart, ɗaya daga cikin manyan masu sayar da kayan dabbobin gida a Amurka, ya janye biskit ɗin karnukansa mai suna Grreat Choice a cikin watan Janairun, saboda da gyaɗar Blakely aka yi shi. Wasu kamfanonin suka bi sahu. Ban da karen Oregon, wasu jihohin sun ba da rahoton karnuka masu gudawa da amai bayan sun ci kayan da ke cikin jerin.

Abin da masu bincike na hukumar abinci da magunguna, FDA, suka tarar a masana'antar yana da ɗaga hankali. Rufi yana yoyo. Akwai fumfuna a bango da sili, akwai kyankyasai, akwai kafofin da ɓera zai iya shiga. Ɗanyar gyaɗa da wadda aka gama sarrafawa ba a raba su yadda ya kamata ba. Mafi muni shi ne abin da ke cikin takardun kamfanin da kansa: sau 12 tsakanin 2007 da 2008 gwajin da suka biya aka yi musu ya nuna akwai Salmonela a cikin kayansu, amma aka yi lodi aka tura. Wani lokacin sai a sake kai samfur gwaji, idan sakamako na biyu ya fito babu komai sai a riƙe shi a jefar da na farko. Wani lokacin ma ba a jiran sakamakon, sai a haɗa takardar shaidar gwaji ta bogi a bi kaya da ita. Mai kamfanin, Stewart Parnell, da aka gaya masa cewa kaya za su yi jinkiri saboda jiran gwaji, ya rubuta a saƙon imel cewa a tura kawai, ba zai iya sake rasa wani mai saye ba. Ɗaya masana'antar tasu da ke Plainview a jihar Teksas kuwa, shekaru ta yi tana aiki ba lasisin sarrafa abinci, kuma da aka duba aka sami matattun ɓeraye da gashin tsuntsaye a saman wurin da ake sarrafa gyaɗar.

Sake gwajin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne zuciyar yaudarar. Salmonela ba ta bazuwa daidai a cikin markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Takan taru ne a nan da can, kamar tsakuwa a buhun shinkafa: ka ɗebi tafi guda ka ga babu, ba yana nufin buhun ya tsarkaka ba. Saboda haka gwaji ɗaya da ya nuna akwai cuta ya isa a zubar da kayan gaba ɗaya, gwaji goma da suka nuna babu ba sa goge shi. Mutanen Blakely sun san wannan.

Mutane da yawa sun yi mamaki cewa busasshen abu mai mai kamar wannan zai ɗauki cuta, tunda an saba jin Salmonela a ɗanyen kaza da ƙwai. Gaskiya ne ƙwayar ba ta hayayyafa a inda babu ruwa. Sai dai ba ta mutuwa. Takan lafe a cikin man ta yi watanni da ranta. Gashi mai kyau yana kashe ta a jikin gyaɗa, amma idan ta shiga bayan an gama gashi, ta ruwan rufin da ya wanko kashin tsuntsu ko ta ƙafar ɓera, to babu wani mataki a gaba da zai fitar da ita. Man da ke kewaye da ita yana kare ta daga zafi, har ma yana taimaka mata ta tsallake ruwan ciki mai tsami ta isa hanji, shi ya sa 'yar kaɗan ke iya kwantar da mutum ko dabba. Wannan ma ba sabon darasi ba ne a lokacin. Shekara biyu kacal kafin nan, a 2007, botar gyaɗa mai suna Peter Pan daga wata masana'anta a garin Sylvester, a jihar Jojiyar dai, ta kwantar da mutane sama da 600, kuma yoyon rufi na cikin dalilan da kamfanin da ke yin ta ya bayar.

Yanzu a dawo kan karen. Kare yakan ɗauki Salmonela ta hanya biyu. Wani yakan kwanta: kasala, zazzaɓi, amai, gudawa wani lokaci da jini, ƙin abinci. 'Yan kwikwiyo da tsofaffin karnuka da masu wata cuta a jiki su suka fi jigata. Wani kuma ba za a ga komai a jikinsa ba, yana wasansa yana cin abincinsa, amma yana zubar da ƙwayar a cikin kashinsa har tsawon makonni. Na biyun nan ya fi ba ni tsoro, domin babu mai yi masa kallon mara lafiya. Yaro mai rarrafe ya taɓa inda karen ya kwanta, ko ya ɗauki biskit ɗin da kansa ya miƙa masa, sannan hannu ya koma baki. Abin ya taɓa faruwa a zahiri: tsakanin 2006 da 2008, busasshen abincin karnuka daga wata masana'anta a jihar Fensilbeniya ya sa mutum 79 sun kamu da wata Salmonelar a jihohi 21, kuma kusan rabinsu yara ne da ba su wuce shekara biyu ba. Don haka ko wanda bai damu da kare ba, wanda yake ajiye shi can bakin ƙofa don gadi kawai, abin da karen ke ci ya shafi gidansa. Shi kuwa wanda ya ɗauki dabba ya ajiye, cinta da lafiyarta amana ce a wuyansa, ko babu yaro a gidan.

Akwai wani ɓangare na labarin da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba. Ba kowa ne kamfanin Parnell ya iya ruɗa ba. Kamfanin abinci na Nestlé ya tura masu dubawa nasa na kansa, suka je Blakely a 2002, suka je Plainview a 2006, suka ga abin da suka gani, Nestlé ya ƙi sayen gyaɗar. Wasu manyan kamfanonin kuwa sun dogara da rahoton wani mai bincike mai zaman kansa wanda Peanut Corporation of America ne yake biyansa, shi kuma ya ba masana'antar maki mai kyau. Ke nan datti a fili yake ga duk wanda ya taka ya je ya duba. Idan manyan masu yi wa 'yan Adam biskit ba su je ba, ina ga mai yi wa karnuka? Kare shi ne na ƙarshe a layi. Ba ya ƙorafi, ba ya cewa ɗanɗanon ya canja, kuma idan ya yi gudawa kwana biyu, mutum nawa ne za su kai kashinsa ɗakin gwaji? Shi ya sa kare ɗaya da aka tabbatar a Oregon ba ya nufin shi kaɗai ya kamu. Shi ne dai wanda aka gwada.

A ranar 11 ga Fabrairu 2009 aka kira Parnell gaban kwamitin majalisar wakilai. Ɗan majalisa Greg Walden, wanda daga Oregon ɗin yake, ya ɗaga wani mazubi cike da kayan da aka janye, ya tambaye shi ko zai yarda ya buɗe ya ci. Parnell ya ƙi amsa tambayoyi, ya fake da 'yancin da tsarin mulki ya ba shi na yin shiru. Bayan kwana biyu kamfanin ya shigar da takardun karyewa. Shari'a ta ɗauki lokaci. Sai a Satumbar 2014 wata kotun tarayya a Albany ta Jojiya ta same shi da laifi, a Satumbar 2015 aka yanke masa shekara 28 a gidan yari. Ɗan'uwansa Michael, wanda ke dillancin kayan, ya sami shekara 20, jami'ar kula da ingancin kaya ta masana'antar ta sami biyar. A tsakanin nan, a Janairun 2011, Shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar dokar kare lafiyar abinci, wadda ta ba FDA ikon tilasta janye kaya, ta kuma ɗora wa masu yin abincin dabbobi nauyin hana gurɓata tun daga masana'anta. Dokar ta rage ɓarna amma ba ta kawar da ita ba, domin a Mayun 2022 an sake janye botar gyaɗa ta Jif saboda Salmonela.

To me mai kare zai ɗauka daga wannan? Ni a ganina, tambayar da ta fi amfani ita ce me ke cikin wannan kwalbar, kuma daga ina ta fito. Cutar Blakely ba a ganinta a jikin takarda, sai dai mutum ya riƙa bin sanarwar janye kaya, ya wanke hannu da sabulu bayan ya ba kare abinci, ya wanke kwanonsa daban da na gida, ya hana ƙananan yara wasa da abincinsa. Amma akwai wani haɗarin da yake rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kwalba, kuma ya fi Salmonela saurin kisa.

Wasu kamfanoni, musamman masu yin botar gyaɗa don masu gudun sukari da masu motsa jiki, suna zaƙaƙa ta da wani sinadari da ake rubuta sunansa xylitol, wani lokaci kuma birch sugar ko lambar E967. Shi ne dai ake samu a cingam mara sukari da wasu man goge baki. Ga ɗan Adam ba shi da wata illa ta a zo a gani. Jikin kare kuwa yana ɗaukarsa tamkar sukari mai yawa ne ya shigo, sai ya saki insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini, da yawa a lokaci guda, sukarin jini ya faɗi warwas. Abin kan fara cikin minti 10 zuwa 60: amai, tangaɗi, rawar jiki, farfaɗiya, suma. Kashi ɗaya cikin goma na giram a kan kowane kilo na nauyin kare ya isa ya jawo haka, wato giram ɗaya tak ga kare mai kilo 10. Idan ya kai rabin giram a kan kowane kilo, hanta na iya lalacewa cikin 'yan kwanaki. Wanda karensa ya lashi irin wannan kada ya zauna jiran alama, kada kuma ya tilasta masa amai da kansa. Ya ɗauki kwalbar ya nufi likitan dabbobi. Haka kuma duk wadda aka haɗa da cakulan ba ta kare ba ce.

Ko da tsaftatacciya ce, gyaɗa zalla, yawanta matsala ne. Kusan rabinta mai ne, cokali ɗaya na cin abinci yana ɗauke da kalori kusan 95. Ka'idar da likitocin dabbobi suka saba bayarwa ita ce duk wani abin marmari kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abincin kare na yini. Ga ƙaramin kare wannan bai wuce rabin ƙaramin cokali zuwa ɗaya ba. Kare mai ƙiba, ko wanda ya taɓa kumburin pancreas, wato gaɓar cikin da ke fitar da ruwan narkar da abinci, gara a bar shi ba a ba shi ba.

A ƙasar Hausa ba kwalbar kanti ce ta fi kusa da karnukanmu ba. Gyaɗar tana gida, tunkuza da ƙuli-ƙuli suna kasuwa, kuma al'ada ce idan an tsince gyaɗa a watsa wa dabbobi ruɓaɓɓun da masu baƙi da waɗanda suka yanƙwane. A cikin waɗannan ne gubar afulatoksin ta fi taruwa, wadda fumfunar da ke kama gyaɗa da masara take fitarwa idan ba su bushe da kyau ba ko an ajiye su a wuri mai laima. Ta sanadin gyaɗa ma aka gano gubar: a 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar da aka shigo da ita daga Birazil. Suya ba ta gama kashe ta, kuma kare na cikin dabbobin da ba sa jure mata. A ƙarshen 2020 zuwa 2021, abincin dabbobi na kamfanin Midwestern Pet Foods da aka yi da gurɓatacciyar masara ya sa FDA ta sami rahoton mutuwar dabbobin gida fiye da 130. Gubar hanta take ci a hankali. Kare ya fara ƙin abinci, ya yi laushi, ya yi amai, idonsa da dasashinsa su yi rawaya, sau da yawa kuma kafin a lura an makara.

Saboda haka mafarauci da mai karen gadi da makiyayi, idan za su ba kare gyaɗa, su ba shi daga wadda su da kansu za su ci: mai kyau, busasshiya, ɓararriya, gasasshiya, ba gishiri ba yaji. Tsintar da aka ware a binne ta ko a ƙona, kada a ba kare, kada a ba kaji ko saniyar tatsa, don gubar tana bi ta cikin nono. Ragowar miyar gyaɗa kuma a yi hattara da ita, domin albasa da tafarnuwar da ke ciki suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Idan kuma kare ya ci wani abu na gyaɗa ya fara gudawa da jini, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ido ya canja launi, a killace shi nesa da yara, a kwashe kashinsa da leda a hannu, a ajiye ragowar abin da ya ci a tafi da shi wurin likitan dabbobi domin a gwada.